Yadda Ake Lissafin Haraji a Kan Fanshon Social Security a Amurka

Yawancin waɗanda suka yi ritaya a Amurka sun taɓa jin cewa "ana karɓar harajin kashi 85 cikin 100" a kan kuɗin Social Security, wato fanshon da gwamnatin tarayya ke biyan masu ritaya, naƙasassu da iyalan mamata, kuma maganar tana tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili. Ba kashi 85 na kuɗinka gwamnati za ta ɗauke ba. Kashi 85 shi ne iyakar abin da za a iya sakawa cikin kuɗin shigar da za a lissafa maka haraji a kai, kuma mutane da yawa ba sa kaiwa nan, wasu ma ko sisi ba ya hawa kansu. Abin da ke jawo harajin shi ne sauran kuɗin da kake samu a gefe: fanshon aikin gwamnati, albashin ɗan aikin da kake taɓawa, kuɗin haya, da abin da ka ciro daga asusun ritaya. Wannan bayani na wanda ke zaune a Amurka ne, ko mai taimakon iyayensa da cike takardu, ko wanda ya yi aiki a can ya koma gida. Alkaluman rangwame da aka yi amfani da su na shekarar haraji ta 2025 ne.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko fom SSA-1099. Hukumar Social Security ce ke aiko da shi ta gidan waya a watan Janairu. Idan bai iso ba ko ya ɓata, daga farkon Fabrairu za ka iya sauke kwafinsa a asusunka na my Social Security a intanet, ko ka kira hukumar ta sake aiko maka. In kai da matarka duk kuna karɓa, kowa da nasa.

Na biyu fom 1099-R na duk wani fansho ko asusun ritaya da ka taɓa a shekarar. Tsofaffin ma'aikatan tarayya, na tsarin fansho na FERS ko CSRS, nasu yana zuwa da sunan CSA 1099-R daga ofishin OPM mai kula da ma'aikatan tarayya. Asusun ajiyar ritaya, irin su TSP na ma'aikatan tarayya, 401(k) na wurin aiki da IRA na ƙashin kai, kowanne yana aiko da nasa daban.

Sai W-2 idan ka yi aikin albashi, 1099-INT na kuɗin ruwa, 1099-DIV na ribar hannun jari, da lissafin kuɗin haya ko na sana'a. Ka ɗauko takardar harajin bara, domin za ta tuna maka da abin da ka manta. Ka buga fom 1040, wato babban fom ɗin harajin kuɗin shiga, ko 1040-SR ga wanda ya kai shekara 65. Layukansu iri ɗaya ne, sai dai rubutun na biyun ya fi girma. Jadawalin lissafin yana cikin littafin bayanin fom 1040, kuma cikakkensa yana cikin littafin Publication 915 na IRS, hukumar haraji ta tarayya. Fensir da kalkuleta sun wadatar. Ko da manhaja za ka yi amfani, yana da kyau ka yi lissafin da hannu sau ɗaya, don ka iya gane lokacin da aka shigar da lamba a gurbin da ba nata ba.

Mataki na 1: Tabbatar da wane kuɗi ne naka

Kuɗin ritaya, na naƙasa, da na wanda mijinta ko matarsa ta rasu duk suna ƙarƙashin wannan lissafi. Tallafin SSI kuwa, wanda ake ba masu ƙaramin ƙarfi, ba a biyan haraji a kansa kwata-kwata, kuma ba ya fitowa a SSA-1099.

Kuɗin da ake biya da sunan yaro na yaron ne, ko da kuwa asusunka yake shiga. Kada ka haɗa shi da naka. Iyaye da kakanni masu riƙon marayu suna yawan yin wannan kuskure, su ɗora wa kansu harajin da ba nasu ba.

Mataki na 2: Ɗauki adadin gurbi na 5

A fom SSA-1099, gurbi na 3 yana nuna duk abin da aka biya ka, na 4 abin da ka mayar, na 5 kuma ragowar. Da gurbi na 5 ake aiki. Gurbi na 6 yana nuna harajin da aka riga aka cire maka, idan ka nemi a riƙa cirewa.

Kada ka tara abin da ya shiga asusun banki ka ce shi ne fanshonka. Ana cire kuɗin inshorar lafiya ta Medicare kafin kuɗin ya iso, amma a wajen haraji ana ɗaukar an biya ka shi. Mai fanshon dala 1,700 a wata, wanda ake cire masa dala 185 na Medicare Part B a 2025, dala 1,515 yake gani a banki. Idan ya ninka wannan sau 12 zai samu dala 18,180, alhali gurbi na 5 yana cewa 20,400. IRS tana da kwafin fom ɗin, saboda haka bambancin zai jawo wasiƙa.

Mataki na 3: Fitar da ɓangaren fanshon aikin gwamnati da ake biyan haraji a kai

Wanda ya yi aikin tarayya, na jiha ko na birni, sau da yawa an riƙa cire masa gudummawa daga albashin da ya riga ya biya haraji a kansa. Wannan gudummawar ba a sake yi mata haraji, amma ba a maido ta lokaci guda; ana rarraba ta wata-wata. Duba gurbi na 2a a fom 1099-R. Idan an rubuta adadi, an riga an yi maka aikin. Idan babu komai ko an ce ba a tantance ba, kai za ka fitar.

Nemo jimlar gudummawarka, wadda galibi take a gurbi na 9b, ka raba ta da adadin watannin da doka ta ƙayyade bisa shekarunka a ranar da fanshon ya fara. Ga mutum ɗaya: shekara 55 zuwa ƙasa, wata 360, 56 zuwa 60, wata 310, 61 zuwa 65, wata 260, 66 zuwa 70, wata 210, 71 zuwa sama, wata 160. Idan fanshon zai ci gaba ga matarka bayan rasuwarka, akwai wani jadawali daban da ke haɗa shekarunku biyu.

Misali, wanda ya zuba dala 26,000 kuma ya fara karɓa yana da shekara 62 zai raba da 260, ya samu dala 100 a wata, wato 1,200 a shekara. Idan fanshonsa dala 22,800 ne, abin haraji 21,600 ne. Wannan dala 100 ba ta canzawa ko an ƙara fanshon, kuma ranar da jimlarta ta cika 26,000 rangwamen ya ƙare. Ka ajiye takardar lissafin shekarar farko, don da ita za ka riƙa komawa kowace shekara.

Mataki na 4: Haɗa jimlar awo

Wannan ita ce lambar da komai ya rataya a kanta. Abu uku ake haɗawa: duk sauran kuɗin shigarka na haraji, kuɗin ruwan da aka yafe wa haraji wanda ke layi na 2a na fom 1040, da rabin adadin gurbi na 5. Daga nan ka cire 'yan gyare-gyaren da ke kan Schedule 1, ƙarin takardar da ake haɗawa da fom 1040, irin su abin da ka zuba a IRA ko rabin harajin mai sana'ar kansa.

Ga wuraren da ake tuntuɓe. Kuɗin ruwan takardun lamuni na jihohi da birane ba a yi masa haraji, amma yana shiga wannan awo. Albashin ƙasar waje da ka ware da fom 2555 shi ma ana dawo da shi. Ɗan ƙasa da mai Green Card, wato katin izinin zama na dindindin, ana lissafa musu kuɗin shigarsu na duk duniya, don haka gidan hayar da kake da shi a wata ƙasa, ko fanshon da wata gwamnati ke biyanka, yana ciki. Abin da ba ya shiga shi ne kuɗin da ka ciro daga asusun Roth, wato asusun ritayar da ake zuba kuɗin da aka riga aka biya wa haraji, bisa ƙa'ida.

Ma'auratan da ke shigar da takarda ɗaya sai sun haɗa kuɗinsu duka, ko da mutum ɗaya ne ke karɓar Social Security. Albashin matar da ba ta yi ritaya ba yana iya tura fanshon mijin cikin haraji.

Mataki na 5: Gwada jimlar da iyakoki biyu

Ga wanda ba shi da aure ko magidanci shi kaɗai, iyaka ta farko dala 25,000 ce, ta biyu 34,000. Ga ma'aurata masu takarda ɗaya, 32,000 da 44,000.

Idan jimlar awonka ba ta wuce iyaka ta farko ba, babu haraji a kan fanshonka na Social Security. Ka tsallaka zuwa mataki na 7.

Waɗannan iyakoki ba sa motsi. An fara harajin ne a 1984 da iyakokin 25,000 da 32,000, aka ƙara matakin kashi 85 daga 1994, kuma ba a taɓa ɗaure su da hauhawar farashi ba. Fansho kuwa ana ƙara shi kusan kowace shekara. Shi ya sa wanda bai biya komai ba shekaru uku da suka wuce zai iya tsintar kansa a ciki bana ba tare da ya samu wani sabon abu ba. Don haka ba a dogara da lissafin bara.

Akwai tarko babba ga ma'aurata. Idan kun zauna tare ko da kwana ɗaya ne a shekarar, sannan kowa ya shigar da takardarsa daban, iyakarku sifiri ce, kuma kusan kullum kashi 85 na fanshon zai shiga haraji. In kuwa kun yi shekarar gaba ɗaya ba ku zauna tare ba, kamar wanda iyalinsa ke wata ƙasa, ana ba shi iyakokin 25,000 da 34,000, muddin ya nuna hakan a wurin da aka tanada kusa da layi na 6.

Mataki na 6: Yi lissafin

Idan jimlar ta faɗa tsakanin iyakokin biyu, cire iyaka ta farko daga jimlar, ka raba ragowar biyu. Gwada wannan da rabin fanshonka na Social Security, ka ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta.

Mu koma ga mutumin can mai fanshon aiki. Yanzu shekararsa 67, ba shi da aure. Social Security ɗinsa dala 20,400, rabinsa 10,200. Fanshon aikinsa na haraji 21,600, ribar hannun jari 500. Jimlar awo ta zama 32,300. Ta wuce 25,000 da 7,300, rabin wannan kuwa 3,650. Tunda 3,650 bai kai 10,200 ba, shi ne abin da zai shiga haraji. Wato daga cikin dala 20,400, dala 3,650 kacal aka taɓa.

Idan jimlar ta wuce iyaka ta biyu, lissafin hawa uku ne. Da farko ɗauki kashi 85 na abin da ya haura iyaka ta biyu. Sannan ka ƙara masa dala 4,500 ga mutum ɗaya ko 6,000 ga ma'aurata, sai dai idan rabin fanshonka bai kai hakan ba, to rabin za ka ƙara. A ƙarshe gwada abin da ka samu da kashi 85 na fanshon gaba ɗaya, ka ɗauki ƙaramin.

Ga miji da mata, dukansu sun haura 65. Social Security ɗinsu a haɗe dala 36,000, rabinsa 18,000. Fanshon aiki 30,000, sun ciro 8,000 daga IRA, suna da kuɗin ruwan da aka yafe 2,000. Jimlar awo 58,000. Ta haura 44,000 da 14,000, kashi 85 na wannan 11,900. A ƙara 6,000, ya zama 17,900. Kashi 85 na 36,000 kuwa 30,600 ne. Ƙaramin shi ne 17,900, wanda bai ma kai rabin fanshonsu ba.

Mataki na 7: Shigar da lambobin a fom 1040

Adadin gurbi na 5 ya tafi layi na 6a, abin da ka lissafa a matsayin na haraji ya tafi 6b. In sifiri ne ka rubuta sifiri, kada ka bar gurbin fanko. Fanshon aiki yana 5a da 5b, kuɗin IRA yana 4a da 4b. Harajin da aka riga aka cire, na gurbi na 6 a SSA-1099 da na gurbi na 4 a 1099-R, ya tafi layi na 25b. Mantawa da wannan layi daidai yake da biyan haraji sau biyu.

Sai rangwame. A 2025 rangwamen gama-gari dala 15,750 ne ga mutum ɗaya, 31,500 ga ma'aurata. Wanda ya kai 65 yana samun ƙarin 2,000 idan shi kaɗai ne, ko 1,600 ga kowane ɗaya cikin ma'aurata. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ƙara wani rangwamen dala 6,000 ga kowane mai shekara 65 zuwa sama, daga 2025 zuwa 2028, kuma ana cike shi a Schedule 1-A. Yana fara raguwa idan kuɗin shiga ya haura 75,000 ga mutum ɗaya ko 150,000 ga ma'aurata, kuma masu aure sai sun shigar da takarda ɗaya za su samu. An yi ta yaɗa cewa dokar ta soke haraji a kan Social Security. Ba ta soke ba: lissafin mataki na 4 zuwa na 6 yana nan yadda yake, kuma wanda ya yi ritaya amma bai kai shekara 65 ba tukuna ba shi da rabo a wannan ƙarin.

Mutumin farko, kuɗin shigarsa 21,600 da 500 da 3,650, jimla 25,750. Rangwamensa 23,750. Saura 2,000, a kan kashi 10, harajinsa kusan dala 200. Ma'auratan kuwa, 55,900 ne kuɗin shigarsu, rangwamensu 46,700, saura 9,200, haraji kusan dala 920.

Mataki na 8: Idan an biya ka ariyas

Wanda ya jira hukuncin neman kuɗin naƙasa, ko tsohon ma'aikacin gwamnatin da aka biya shi bashin 2024 bayan dokar Janairun 2025 da ta soke ragin kuɗin Social Security da ake yi wa masu fanshon aikin gwamnati, zai ga kuɗin shekarun baya sun taru a gurbi na 3 na shekara ɗaya. Ba a komawa a gyara takardun shekarun baya. Amma doka ta ba da zaɓi: ka lissafa ɓangaren kowace shekara da kuɗin shigarka na waccan shekarar, ka tara sakamakon, ka gwada da lissafin yau da kullum. Idan zaɓin ya fi sauƙi, ka sa alama a layi na 6c. Fom SSA-1099 yana fayyace nawa ne na wace shekara a ƙasan gurbi na 3, kuma jadawalin yana cikin Publication 915. Kana buƙatar takardun harajin waɗancan shekarun. Idan sun ɓata, nemi kwafin bayanansu kyauta a asusunka na IRS.

Mataki na 9: Shirya yadda za ka biya kafin shekara ta ƙare

Hukumar Social Security ba ta cire haraji sai ka nema. Wanda ya saba da albashi, inda ake cirewa tun daga tushe, shi ya fi shan mamaki a shekararsa ta farko ta ritaya. Hanya mafi sauƙi ita ce fom W-4V, inda za ka zaɓi kashi 7, 10, 12 ko 22. Waɗannan huɗun kaɗai ake karɓa, ba a rubuta adadin dala, kuma ofishin Social Security ake kai wa, ba IRS ba. In kana da fanshon aiki, za ka iya ƙara abin da ake cirewa a can da fom W-4P, wanda ya fi ba da damar daidaita adadi. In duka biyun ba su yi maka ba, sai biyan kashi-kashi da fom 1040-ES a ranakun 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Ba a cin tara idan abin da ya rage a kanka bai kai dala 1,000 ba, ko ka riga ka biya kashi 90 na harajin bana, ko daidai da na bara gaba ɗaya, sai dai masu babban kuɗin shiga ana neman kashi 110 na bara a wajensu.

A nan ne ya kamata a fi natsuwa. A cikin zangon kashi 85, kowace dala 1,000 da ka ƙara ciro daga IRA ko TSP tana jawo wata dala 850 ta fanshonka na Social Security cikin haraji. Ka ciro dubu ɗaya, a lissafa maka 1,850. Ga mai biyan kashi 12, harajin wannan dubun dala 222 ne, ba 120 ba. Saboda haka kafin ka ciro kuɗi mai kauri don gyaran gida, aurar da 'ya ko aikin hajji, zauna ka sake yin mataki na 4 zuwa na 6 da sabon adadin. Wani lokaci raba kuɗin tsakanin Disamba da Janairu yana rage harajin, wani lokaci kuma cirowa daga Roth ko daga ajiyar banki ya fi. Wanda ya kai shekara 70 da rabi kuma yana ba da sadaka ga ƙungiyar da IRS ta amince da ita zai iya sa a tura kuɗin kai tsaye daga IRA ɗinsa; ta haka ba ya shiga jimlar awo, kuma yana cike gurbin kuɗin da doka ta wajabta a riƙa cirowa daga asusun kowace shekara tun daga shekara 73.

Harajin jiha da neman taimako

Yawancin jihohi ba sa taɓa kuɗin Social Security, wasu kamar Texas da Florida ba su da harajin kuɗin shiga ma sam. Kaɗan, irin su Minnesota, Utah da Vermont, suna karɓa bisa nasu iyakokin. Fanshon aikin gwamnati kuwa kowace jiha da yadda take ɗaukarsa, sai ka duba littafin jiharka.

Idan lissafin ya yi maka nauyi, shirye-shiryen VITA da TCE suna cike takardu kyauta, na biyun musamman ga masu shekara 60 zuwa sama. Ranar ƙarshe 15 ga Afrilu ce. Fom 4868 yana ƙara maka lokacin shigar da takarda zuwa 15 ga Oktoba, amma bai ɗage ranar biya ba.

Wanda ya koma gida

Ɗan ƙasar Amurka da ke zaune a waje galibi yana bin duk matakan nan, yana kuma da ƙarin wata biyu kai tsaye zuwa 15 ga Yuni, ko da yake kuɗin ruwa yana hawa kan abin da bai biya ba tun Afrilu. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazauni ba, nasa daban ne: babu jimlar awo, babu iyakoki, babu rangwame. Ana cire kashi 30 daga kashi 85 na fanshonsa tun daga tushe, wato kashi 25.5 na kuɗin gaba ɗaya, sai idan ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da Amurka da ta sassauta hakan. Najeriya, Nijar da Ghana ba su da irin wannan yarjejeniya. Mai dala 1,000 a wata zai ga an cire dala 255, kuma fom ɗinsa SSA-1042S ne, ba SSA-1099 ba. Mai Green Card da har yanzu doka ke ɗaukarsa mazauni, idan aka yi masa wannan cirewar bisa kuskure saboda adireshinsa na waje, sai ya sanar da hukumar Social Security, sannan ya shigar da fom 1040 haɗe da kwafin SSA-1042S da na katinsa don a maido masa kuɗinsa.